Tsutsar ciki a jikin yara: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Yawancin iyaye ba sa tunawa da tsutsar ciki sai ranar da suka ga ta fito. Yaro ya yi kashi, uwa ta leƙa fo ta ga wani abu dogo yana motsi, sai hankali ya tashi, a tura yayansa kemis da gudu. Jiran sai an gani da ido shi ne kuskure na farko, kuma daga shi sauran suka samo tushe. Wadda ake ganin nan, wato macijin ciki, ita ce babba a cikin waɗanda ake kwasa daga ƙasa, tana iya kai tsawon santimita 35, amma ko ita takan shekara a hanjin yaro ba ta leƙo ba. Akwai tsutsa mai ƙugiya, wadda tsawonta bai fi santimita ɗaya ba, aikinta ta maƙale a bangon hanji tana tsotsar jini. Akwai mai siffar bulala da ke zama a babban hanji. Waɗannan biyun ƙwansu ne ke fitowa a kashi, shi kuwa ƙwan sai da madubin likita ake ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kwasa daga ƙasa, kusan kashi 24 cikin 100 na mutanen duniya ke nan, kuma yaran ƙasashe masu zafi irin namu suna sahun gaba.

Don haka jikin yaron za a riƙa dubawa. Mai tsutsa da yawa yakan rage ci, ko ya ci abincin bai nuna a jikinsa ba. Hannu da ƙafa su sirance, ciki ya fito gaba, yana yawan kukan ciwo a wajen cibiya, wasa kaɗan ya gaji. Uwa, ki zaunar da shi inda haske yake, ki sa babban yatsa ki ɗan ja fatar idonsa ta ƙasa. A mai lafiya cikin fatar ja ne sosai, a wanda jininsa ya yi ƙasa kuwa za ki gan shi ya dusashe ya yi fari. Ki buɗe tafin hannunsa ki jera da naki ki kwatanta. Cizon haƙora cikin barci da dalalar yawu, waɗanda aka fi kafa hujja da su, ba su tabbatar da komai. Gwajin kashi a asibiti shi ke faɗin ko akwai tsutsa da kuma wace iri ce.

"Ai mu ma da ita muka girma"

Wannan maganar manya kan yi ta da kyakkyawar niyya, don a kwantar wa uwa da hankali, amma tana sa a raina ɓarnar. Macijin ciki yana zaune ne a ƙaramin hanji, daidai wurin da jiki ke tsotse amfanin abinci. Yana cin nasa rabon, yana hana hanji tsotsar maiƙo da sinadarin gina jiki da bitamin A yadda ya kamata, sannan ya kashe wa yaro sha'awar cin abinci. Mai ƙugiya ta fi shi ta'adi a wajen jini. Abin da guda ɗaya take sha a rana bai taka kara ya karya ba, sai dai yaro na iya ɗaukar ɗaruruwa, suna kuma yin shekaru a raye, kullum jini na zurarewa ta raunin da suke yi wa hanji. Tare da jinin nan sinadarin ayon ke tafiya, shi ne kuwa jiki ke haɗa sabon jini da shi, ƙwaƙwalwar yaro ma tana buƙatarsa a shekarun girma. Yaron da tuwo da miyar kuka ne yawancin cimarsa, nama sai jefi-jefi, ba shi da rarar da zai cike wannan giɓi. Mai siffar bulala idan ta yi yawa tana sa gudawa mai majina da jini, har dubura ta iya fitowa waje, a ce ɗan kanoma ne ko basir, a yi ta turare da jiƙe-jiƙe alhali sanadin yana can ciki.

A wajen garkuwar jiki ɓarnar ta hanya biyu ce. Ta farko, garkuwa da abinci ake gina ta. Yaron da ya rasa bitamin A da sinadarin gina jiki, ƙyanda da gudawa da ciwon huhu sun fi kayar da shi, sun kuma fi daɗewa a jikinsa. Kowace jinya tana ƙara masa rama, ramar tana ƙara buɗe ƙofa ga wata jinyar. Ta biyu, tsutsar kanta tana fitar da sinadaran da ke sassauta martanin garkuwa, ta haka ne take samun damar zama a hanji shekaru ba a kore ta ba. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 kan yara a ƙasar Ekwado ya nuna cewa waɗanda aka ba maganin tsutsa kafin a ɗiga musu rigakafin kwalara, jikinsu ya fi karɓar rigakafin. Kada kowa ya ɗauki wannan ya jinkirta wa ɗansa allurar rigakafi wai sai an kashe tsutsa tukuna. Rigakafi a kan lokacinsa ake yi, da tsutsa ko babu.

Ɗora laifi a kan zaƙi da nama

A nan nake so a tsaya sosai, domin duk wanda bai san ƙofar da tsutsa ke shigowa ba, zai yi ta sayen magani har yaro ya girma. Alewa da sukari da rake ba sa haifar da tsutsa. Suna lalata haƙora, wannan gaskiya ne, amma tsutsa daga ƙwai take fitowa, ƙwan kuma daga kashin mutum. Macen macijin ciki guda ɗaya tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana. Ƙwan nan idan ya fito a kashi ba ya kama mutum nan take, sai ya kwanta a ƙasa mai ɗumi da danshi kimanin mako uku ya nuna. Daga nan yana iya shekaru a raye yana jiran hannu. Ita mai ƙugiya a ƙasa take ƙyanƙyashewa, 'ya'yanta su huda fatar ƙafar wanda ya taka ba takalmi, su bi jini zuwa huhu, a yi tari a haɗiye su, su sauka hanji.

Yanzu mu dubi tsakar gida. Yaro ɗan shekara biyu ya tsuguna a gindin katanga ya yi kashi. Aka ɗebo ƙasa aka rufe, ko aka kwashe da takarda aka jefa a kwandon shara, aka share wurin da tsintsiyar da ake share ko'ina da ita. Ruwan da aka yi masa tsarki da shi ya malala gefen rariya. Bayan mako uku ƙanwarsa mai rarrafe ta biyo ta wurin, ta dafa ƙasa, ta kai yatsu baki. Ba ta fita ko ƙofar gida ba, ta kamu. Akwai tunanin da ya zauna mana cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne sosai, alhali yara ne suka fi kowa yawan tsutsa, kashinsu ya fi na manya ƙwai. Gyaran shi ne duk kashin yaro, har na jariri, masai za a kai shi. A koya wa yaro hawa fo da wuri, a juye fo a masai, a wanke shi a can, ruwan tsarki da na wankin tsumman jariri su ma su bi masai. Wurin da yara ke wasa a keɓe shi, mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma.

Waje kuma sai an haɗa hannu, domin ƙwan da maƙwabci ya bari a lungu ruwan damina zai kawo shi ƙofar kowa. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna mutum wajen miliyan 48 ne ke bayan gida a fili a ƙasar. Abu ne da ake iya sauyawa: a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta daina wannan ɗabi'a, kuma da masai irin na gida aka kai ga hakan, gari bayan gari.

Batun nama kuwa ya fi damuna, domin hana yaro nama don tsoron tsutsa ƙara masa ciwo ne a kan ciwo. Tsutsar da ake samu ta nama ita ce tsila, mai faɗi da gaɓa-gaɓa, kuma daga naman shanun da bai dahu ba take zuwa. Idan tsire ko balangu ya gasu har ciki, babu sauran ja, an gama da ita. A dafa nama ya dahu a ba yaro.

Magani ɗaya ga kowace tsutsa

Uwa ta ce wa mai kemis, "Malam, a ba ni maganin tsutsa," shi kuma ya miƙo albendazol ba tambaya. Maganin nan mai kyau ne, ga araha. Ƙwaya ɗaya tana gamawa da macijin ciki kusan gaba ɗaya, tana kuma aiki sosai a kan mai ƙugiya. A kan mai siffar bulala ƙarfinta kaɗan ne idan sau ɗaya aka sha, shi ya sa likita kan sa a sha kwana uku ko ya haɗa da wani. Akwai kuma waɗanda ba ta taɓa su yadda ake zato.

Tsargiya na cikinsu. Yaron da ke wanka a kududdufi ko madatsar ruwa ko hanyar ruwan noman rani, irin na Kadawa da Kura a Kano, ko Bakolori a Zamfara, ko bakin kogin Kwara a yankin Tilaberi, tsutsar na fitowa daga dodon koɗi ta shiga fatarsa cikin ruwa. Wata tana sa fitsarin jini, wata tana kama hanji da hanta, ta sa kashi da jini da kumburin ciki. A wasu garuruwa har ana ɗaukar jinin ƙarshen fitsari a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji, a ƙyale shi. Ciwo ne, yana ƙarar da jini, idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa farazikwantel, wanda ake auna shi da nauyin yaro, miligiram 40 ga kowane kilo, ko a tsayar da shi jikin sandar awo a lokacin rabon makaranta. Tsila ma yawanci shi ake ba ta.

Sai ƙananan fararen nan sirara da ke sa yaro susar dubura da dare har ya kasa barci. Su kam daga mutum zuwa mutum suke yaɗuwa, ta farce da zanen gado da wando. Idan yaro ɗaya aka ba magani, cikin makonni za ta dawo daga 'yan uwansa. Duk gidan ake bai wa, a maimaita bayan mako biyu, a yanke farce, a wanke shimfiɗa a shanya a rana.

Jiyadiya da amiba ba tsutsotsi ba ne, ƙananan halittu ne da ake sha a gurɓataccen ruwa. Jiyadiya na sa kashi mai maiƙo da wari ƙwarai, ciki na kumburi da iska, gudawa ta tafi ta dawo na makonni, yaro yana ta zubewa. Amiba na sa atini. Su ne Flagyl ke yi wa aiki, amma wannan ya jawo wani kuskuren: duk gudawar da yaro ya yi sai a ɗura masa Flagyl. Yawancin gudawar ƙananan yara ƙwayar bairos ce, wadda Flagyl ba ya taɓawa. Abin da take buƙata ruwan gishiri da sukari na fakiti ne, da zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, ko 10 ga wanda bai kai wata 6 ba, a kuma ci gaba da nono da abinci.

Yadda ake ba da maganin

Ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ba maganin tsutsa sai da umarnin likita. Daga wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazol ake bayarwa, miligiram 200. Daga shekara 2 zuwa sama ƙwaya guda, miligiram 400. Mebendazol kuwa, wanda shi ma maganin tsutsa ne, miligiram 500 ne sau ɗaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sau ɗaya a shekara inda yaran da ke da tsutsa suka kai kashi 20 cikin 100, sau biyu inda suka wuce kashi 50. Masu bayarwa duk wata, ko duk lokacin da yaro ya ƙi abinci, asarar kuɗi suke yi, kuma suna ɓata lokacin da ya kamata a nemo ainihin abin da ke damunsa. Mai juna biyu ba ta sha a wata ukun farko. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, a guji na talla da ya wuni a rana cikin faranti.

Ɗure kuwa a bar shi baki ɗaya. An saba a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tura magani sa'ad da ya buɗe baki yana kuka. Ƙwayar albendazol babba ce, kuma a daidai lokacin da yaro ya ja numfashin kuka tana iya faɗawa hanyar iska ta shaƙe shi. An yi asarar rayukan yara ta haka. Ga wanda bai kai shekara 3 ba, a murƙushe ta a cokali, a ɗiga ruwa mai tsabta, a ba shi yana zaune. Idan ya tubure a rarrashe shi, ko a bari sai an jima. Manyan yara su tauna ta.

Haka nan a nisanci ba yaro kalanzir, ko kanwa mai yawa, ko jiƙon da zai sa shi zawo wai a wanke ciki. Kalanzir kaɗan idan ya shiga huhu yana ƙona shi. Jiƙon ɗaci irin na darbejiya ba wanda ya san adadin da hantar ƙaramin yaro za ta iya ɗauka, zawo kuma yaron da ya riga ya rame yake ƙara tsotsewa. Idan cikin yaro ya kumbura ya yi tauri, yana amai kore ko yana aman tsutsa, kashi da tusa sun tsaya, to mai yiwuwa macizan cikin sun dunƙule sun toshe hanji. Wannan ba na gida ba ne, kada a ba shi komai ta baki, a tafi asibiti a wannan sa'ar.

An sha magani, shi ke nan

Ƙwayar magani tana kashe tsutsar da ke ciki a ranar. Ba ta mayar da jinin da aka shanye, ba ta kuma hana yaro haɗiyar sabon ƙwai washegari. Inda muhalli bai sauya ba, kafin shekara ta zagayo yawancin yara sun sake kamuwa da macijin ciki. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta yi wa gwaje-gwaje masu yawa a 2019 ta nuna cewa rabon magani ga dukkan yara, shi kaɗai, ba ya ƙara nauyi ko jini sosai idan aka duba jimilla, ko da yake yaran da ke da tsutsar suna amfana. Ni abin da na fahimta daga wannan shi ne a ba da maganin, amma kada a rataya masa aikin tukunya.

Bayan magani yaro na buƙatar abin da zai gina jini: hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyafo, daddawa a miya. Lemo ko goba ko tumatir tare da abinci suna taimaka wa hanji ya tsotsi ayon ɗin da ke cikin wake da ganye da gero. Shayi kuwa yana hanawa, don haka kada ya zama shi ne karin kumallon yaro kullum da burodi. Bitamin A yana cikin manja, karas, kabewa, gwanda da mangwaro, a kuma kai yaro ya karɓi ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata 6 zuwa shekara 5. Yaron da ke cin ƙasa ko ɓantarar bango yana tauna, duka ba zai hana shi ba. Sau da yawa ƙarancin ayon ne ke sa shi, cin ƙasar kuma na ƙara masa tsutsa, sai a kai shi a auna jininsa. Idan yaro ya yi fari sosai, kada a tsaya kan tsutsa kaɗai, zazzaɓin cizon sauro da sikila su ma suna ƙarar da jini. Idan ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko igiyar awon dantse ta nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, cibiyar kula da tamowa za a nufa, su za su ba da maganin tsutsar a lokacin da ya dace.

Wankin hannu ma muna yin sa ne rabi da rabi. Kwano ɗaya ake zagayawa da shi kafin cin abinci, kowa ya tsoma, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe, a ruwan da ya kwashe dauɗar kowa. A riƙa zubawa da buta ruwan yana zuba ƙasa, da sabulu, in babu a sa toka, musamman bayan tsarki da bayan an wanke wa yaro. Latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye a wanke su ganye-ganye da ruwa mai tsabta, domin wasu lambunan bakin birni da ruwan kwata ake ba su ruwa, ƙwan macijin ciki kuma yana da danƙo. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a tafasa wa ƙananan yara. Silifas ɗin roba ya wadatar wajen tare mai ƙugiya, in dai yaro zai sa shi zuwa masai da gona. Jariri kuma nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo.

Saura masu hana 'ya'yansu karɓar maganin da ake rabawa kyauta a makarantu da lokacin makon lafiyar mata da yara, saboda jita-jitar wai yana hana haihuwa. Shi ne dai albendazol ko mebendazol ɗin da suke saye da kuɗinsu a kemis. Jiri da ciwon ciki da amai da wasu yara ke yi bayan farazikwantel suna wucewa cikin sa'o'i, sun kuma fi tsanani ga wanda ya sha da yunwa, don haka a tabbatar yaro ya ci ya ƙoshi a ranar rabo. Waɗanda rabon makaranta ya fi tsallakewa su ne almajirai da 'yan mata masu talla da 'ya'yan makiyaya, ga shi su ne suka fi yawo ba takalmi da cin abinci a kan titi. Malamin tsangaya ko mai unguwa na iya zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya nemi jami'in da ke kula da rabon, ya ba da adadin yaransa, a sa su cikin lissafin zagaye na gaba.